Azumin da Maharazu Ya Fake da Shi

Loma uku Maharazu ke yi yanzu, sai ya ji cikinsa ya cika taf, kamar wani ya riga shi ci. Mutumin da a da sai ya tashi da malmala biyu yana neman ƙari!

Ciwon dajin ciki ne ya kashe mahaifinsa, shi ya sa asibiti ke zura masa kyamara ta maƙogwaro duk bayan shekara uku. Bara aka yi ta ƙarshe, aka ce ba a ga komai ba. Wannan maganar ya riƙe gam.

"Baban Zarah, ka yi booking wajen GP, likitan unguwa, ya duba ka mana," in ji matarsa Karimatu, tana kallon tuwon da ya bari.

"Haba Karimatu! Likita ya leƙa cikin nan da idonsa ya ce tas yake. Olsa ce kawai. In lokacin gwaji ya zagayo, za su kira ni."

Da ta dame shi da magiya, sai ya samo dabara. Ya fara azumin Litinin da Alhamis. Daga nan ya koma yau azumi, gobe hutu. Wa zai ce wa mai azumi ya ci abinci? A masallacin unguwarsu ta Catford sai yabo ake yi: "Alhaji ya kama ibada, ku dubi hasken fuskarsa." Wane haske? Jini ne ke ƙarewa a jikin bawan Allah. Bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ya kora da ruwa ya yi shiru.

Wata la'asar yana tuƙa bas a titin Old Kent Road, ya ɗaga ido ya dubi madubi, sai ya ga mahaifinsa yana kallonsa, idanu sun faɗa, wuya ya zame daga riga, sak yadda ya bar shi a gadon jinya. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya sake dubawa. Babu kowa, fuskarsa ce. Tsoro ya kama shi ƙwarai, kuma tsoron nan ne ya ƙara hana shi zuwa asibiti.

Ranar wata Alhamis ya sha ruwa da dabino, kafin ya ajiye kofi sai aman jini. Karimatu ta ƙwalla salati.

Likitar da ta duba shi ba ta ɓoye masa ba. "Kyamara tana nuna abin da ta gani ran nan ne kawai. Ciwo kan tsiro bayanta, wani kuma ya ɓuya mata. Yaushe ka fara ƙoshi da wuri?"

"Tun kafin babbar Sallah."

Ta nuna masa sakamakon gwaji. Ciwon daji ne, ya riga ya kai hanta.

Da ya rasu, Zuberu, amininsa tun Kano, shi ya yi masa wanka. Ya sa hannu zai ɗaga shi da ƙarfin da ake ɗaga babban mutum, sai gawar ta taso sakayau. Ya juya ga liman ya ce: "Malam, anya Maharazu ne wannan?"

Jama'a, "ba a ga komai ba" maganar ranar gwaji ce, ba ta gobe ba. In ƙoshi da wuri, rama ba dalili ko baƙin bayan gida suka bayyana, a garzaya wajen likita, kada a jira ranar gwaji ta zagayo.