Karsana Tsakanin Bijimai Biyu

Wani malamin kimiyya ya jera ƙwallon dabino uku a kan tabarma, ya sa tsinken ashana bibbiyu tsakaninsu. Ya gaya wa maƙwabcinsa cewa a cikin sinadarai akwai masu irin wannan zubi: ƙwayoyin kabon, wato sinadarin gawayi, uku a jere, ta tsakiya an kama ta da ɗauri biyu ta nan, biyu ta can. A ido sai ka ce ya fi ƙarfi, alhali bai kai mai sassauci a tsakani zama lafiya ba. Da ya ga mutumin bai gane ba, sai ya kawo masa misali.

Wani makiyayi ne ciwo ya share masa garke, ya bar shi da bijimai biyu da karsana ɗaya mai ciki. Duk fatansa na sake tara shanu a cikin nan nata yake. Da ƙaura ta kama shi, ya iso kogi ya tarar ya cika ya batse. Don tsoron kada ruwa ya tafi da ita, ya sa ta a tsakiya, ya ɗaure ƙahonninta da igiya ruɓi biyu a jikin bijimin gaba, ya ɗaure ƙugunta ruɓi biyu a ƙahon na baya, ya tamke tamau. Wani tsoho mai fito ya ce, "Ɗana, sassauta mata gefe guda." Makiyayi ya ce, "Baba, ita kaɗai gare ni."

Suna kaiwa tsakiyar ruwa, igiyar ruwa ta karkatar da na gaba, ya bi gangare. Na baya ya firgita, ya juya zai koma gaɓa. Igiyoyi suka miƙe kamar tsirkiya. Karsana ta nemi ɗaga hanci, babu hali. Ta nemi juyawa, babu hali. Makiyayi ya yi iyo ya isa da wuƙa a baki, ya yanke ruɓi ɗaya, ɗayan na nan riƙe da ita, da ƙullin da ya yi da hannunsa. Kafin ya gama da na biyun, kumfar hancinta ta daina fitowa. Bijiman suka haye lafiya, suna jan gawarta, ciki a kumbure. Ya zauna a kan yashi, ko yanka ta bai samu yi ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira, an rasa ido.