Ɗaliba ta Ashirin

"Goma sha tara," in ji jami'in ilimi, yana zare murfin jan bironsa. "Doka ta ce ɗalibai ashirin, Malama. In ba su cika ba, babu kuɗin baɗi."

Shugabar makarantar ta dubi ajinta tilo: 'yan mata biyu da jarirai a cinya, makaniki mai baƙin farce, 'yan Bolibiya huɗu daga gonakin tafarnuwa, da sauran waɗanda manyan makarantun birnin Mendoza suka gaji da su. Na ashirin ɗin ya tafi tsinkar inabi tun jiya.

Sai dattijuwar da ke yi musu shara ta ajiye butarta. Ita ke zuba musu mate, shayin ganye da ake sha bi da bi a ƙoƙo ɗaya, mai zubawa kuwa ba ya tashi sai ƙoƙon ya gama zagayawa. Shekara uku ke nan darasi bai wuce ta ba.

"Ɗan nan, dokar taku ta hana tsofaffi?"

"A'a, Iya. Amma sai mai karatu da gaske."

Makanikin ya tuntsire da dariya. "Kaka, ke da biro?"

"Rufe mana baki, kai da lissafi ya kayar sau biyu."

Ta zaro littattafai shida daga jakar cefanenta, ta dire su kan tebur. Shugabar ta buɗe ɗaya bayan ɗaya. Duk aikin gidan da ta taɓa bayarwa yana ciki, an yi shi tsaf, ba wanda ya taɓa dubawa.

Shugabar ta miƙa wa jami'in hannu.

"Ara mini jan biron nan."