Bakin Mai Karatu

A masana'antar sigari ta Don Fermín da ke birnin Habana na ƙasar Kuba, masu naɗin taba sukan ɗauki mai karanta musu jarida suna aiki. In magana ta yi musu daɗi, sai su buga wuƙaƙensu na yankan ganyen taba a kan tebur.

Da tsakar rana Eusebio mai karatu ya tarar da Casilda a tsakar gida tana zare jijiyar ganyen taba. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Don Fermín zai ba ni shugabancin ma'aikata, da ɗaki biyu a sama. Ki aure ni, Casilda."

Ba ta ɗago ba. "Kai kuma me za ka ba shi?"

"Labarin yajin aikin 'yan dako kawai zan daina karantawa."

"Kawai?" Sai yanzu ta dube shi. "Ni ban iya karatu ba, Eusebio. Duk abin da na sani na duniya, daga bakinka na ji shi. Ka sayar da bakin, sannan in auri ragowar?"

"In na karanta, yau zai kore ni."

"Ɗakin uwata ɗaya ne, amma yana cin mutum uku."

Ya zaro jaridar daga aljihu, ya shige ciki.

Can ta jiyo muryarsa yana karanta labarin yajin aikin, sai wuƙaƙe ɗari biyu suka hau dukan tebura.

Casilda ta zunguri ta kusa da ita. "Ƙawata, wa kika sani da ya iya ɗinkin farar rigar amarya?"