Gwanjon Taraktocin Gwamnati

Kayan da aka ce na kowa ne, ranar da aka sa shi gwanjo, wa aka yi wa sata? Har yau ban sami amsa ba.

Gwamnati ta ce ta gaji da riƙe taraktocin hayar yankinmu, za ta sayar. Manajan ma'aikatar hayar ya kira yayana, makanikin wurin, wanda ya koyo aiki a Rasha lokacin da ake wawashe gonakin gwamnatinsu.

"Malam, cire famfon mai na kowace. A ce sun mutu, mu saye su a kuɗin gwangwan."

"Na ga an yi haka a can, Yallaɓai. Manajoji suka tashi da gonaki, manoma da yunwa. Ba da hannuna ba."

Aka kawo wani daga Funtua ya cire. Guda ɗaya Yaya ya hana a taɓa, wadda ke nome gonakin ƙauyenmu. Lafiyayya ce, don haka kuɗinta sai wani Alhaji mai gandu a Kafur ne zai iya biya.

Manaja ya aiko wa manomanmu cewa in ta mutu kamar sauran, ƙungiyarsu zai bar wa.

Suka cika ƙofar garejin, ga damina ta kawo kai.

"Gaskiyarka za ta kashe mu, Malam," in ji wani tsoho. "Matacciya muke iya saya."

Yaya ya tsine wa manaja, ya tsine wa gwanjon, idanunsa jajur. Sannan ya buɗe murfin injin taraktar, ya ce in miƙo masa sifanar kwance famfo.