Aikin Jidar Ƙanƙara

Ya ƙwanƙwasa ƙofar a hankali, ya jira. Da aka ce ya shigo, sai ya goge tafin hannunsa a jikin wando, ya yi sallama, ya tsaya tsakiyar ɗakin kamar wanda aka kawo ƙara.

Aikin ba wani babba ba ne. Kamfanin ƙanƙara ne ke ɗaukar ma'aikatan wucin gadi duk lokacin zafi, su yi ta jidar ƙanƙara daga firiza zuwa motoci, in zafi ya wuce a sallame su. Ƙanin matarsa ne ya jiyo labarin, ya yi ta kai-kawo har aka sa shi cikin waɗanda za a gani. Ya kuma ja masa kunne cewa manajar mace ce, ba ta dariya, ba ta son mai inda-inda.

Wadda ke zaune bayan teburin kuwa ba ta yi dariya ba. Ko kai ba ta ɗago ba, da biro ta nuna masa kujera. Ya zauna ta gefen da ba ya girgiɗi.

A maɗaba'a ya yi aikinsa na ƙarshe, yana yankan takarda. An rufe ta tun autarsa tana goye, ga ta yanzu tana tafiya makaranta da ƙafarta. Da farko ya nema, wallahi ya nema, har takalminsa ya san ƙofar kowace ma'aikata a garin. Ko'ina amsar ɗaya ce, za mu neme ka, kuma ba wanda ya neme shi. A hankali fitar ta ragu, ya koma zaman benci a ƙofar gida. Abin da ya fi cin ransa shi ne 'ya'yansa sun daina tambayarsa komai, ko fensir ne sai su wuce shi su tafi wurin uwarsu. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ya san in wannan ma ya kuɓuce masa, ba shi da sauran ƙarfin neman wani.

Ta fara da shekarunsa. Ya ɗan zaftare kaɗan. Ta dube shi ta saman gilashi, ya yi maza ya mayar da abin da ya zaftare.

Ta tambaye shi ko ya taɓa aikin ƙanƙara. Ya ce a'a, amma ya ɗauki damman takarda masu nauyin gaske. Ta ce to ciwon baya fa? Ya ce shi bai san wani abu wai shi ciwon baya ba, yana faɗa yana gyara zama saboda bayan. Da ta zo kan ɗakin sanyi, ya ce sanyi ai abokinsa ne, shi da ke neman bargo in an ƙara gudun fanka. Ta rubuta wani abu, leɓenta ya ɗan motsa, ta danne.

Ƙamshin albasa ya shigo ta taga. Ta kalli ƙofa, ta dawo da idonta kansa.

"Malam, duk shekarun nan me kake yi?"

Wannan tambayar ya shirya mata. Ya ce 'yan buga-buga, yau nan gobe can, ana dai rufa asiri. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ajiye biron.

"Wa ke riƙe da gidan?"

Wannan ba ta cikin shirinsa. Ya buɗe baki zai kawo wata ƙaryar, sai ya ji ba shi da ƙarfin ɗaukarta. Ya ce matarsa ce, da ɗinki. Daga nan maganar ta ƙwace masa. Ya ce tun kafin gari ya waye take hawa keken ɗinki, shi kuwa yana kwance yana ji, ya rufe ido kamar mai barci. Ya ce ƙafafunta kumbura suke yi, idonta ya fara gazawa, sai ta yi ta fama kafin zare ya shiga allura. Ya ce ta sayar da 'yan kunnenta na aure ta ce masa ɓacewa suka yi, shi ma ya yi kamar ya yarda.

"Ita ta san kana ganin duk wannan?"

"Ban taɓa faɗa mata ba, ranki ya daɗe. In na ɗauko maganar kunya ce ke shaƙe ni, sai ta fito a faɗa."

Da ta sake magana muryarta ta ɗan dushe. Ta ce ga samari nan birjik masu jini a jika, me zai sa a bar su a ɗauke shi?

"Don ta huta," ya ce. "Ko na ɗan lokacin zafin nan ne, ta huta."

Sai ga hawaye, ƙato da shi, ya kasa tsayar da su. Ya sunkuyar da kai yana jin haushin kansa. Ya kwafsa. Ba wanda zai damƙa wa mai kuka ƙanƙararsa.

Ya ji ta ture kujera ta miƙe. Ta zagayo teburin, ta cire gilashin, ta goge idonta da gefen mayafi, ta daɗe tsaye a kansa.

"Tashi ka cire rigar nan in goge maka, Baban yara," in ji matarsa. "Gobe in ka je gaban manajar ban da kuka, don ni kaɗai ce zan ɗauke ka a haka."