Na Ƙarshe a Jeri

Kibiyar da ke kan allon kwamfuta ta motsa, alhali babu wanda ya taɓa komai.

Injiniya, mai kula da tsaron kwamfutocin kamfanin ruwa, ta gani da idonta. Baba Mai Famfo, wanda ya shekara ashirin da biyu a ɗakin sarrafa ruwa, ya ɗaga hannu biyu sama don kada a ce shi ne. Kibiyar ta gangara a hankali, ta buɗe shafin maganin da ake zuba wa ruwa, ta mayar da lambar awon maganin daga biyu zuwa tara. Baba ya mayar da ita biyu. Ta sake komawa tara.

"'Yata," in ji shi, "ba dai aljani ba ne?"

Da aljani ne ma da sauƙi. Sha ɗaya da rabi na safe ne, ranar ɗaya ga wata, kuma ƙarfe ɗaya daidai babban tanki zai saki ruwa cikin gari. Makarantar da autar Injiniya take ita ce ta farko a kan babban bututu. Ta san yadda yaran ke layi a bakin famfo in an tashi, ta kuma san autar tata ba ta jiran kofi, baki take kafawa.

Abu ɗaya ya hana ta kurma ihu: injin zuba maganin ba ya wuce tara. Tara kan ɓata ciki, amma ba ya kisa. Ba a iya cire wannan iyaka sai daga ɗakin ciki, inda babbar kwamfuta take, wadda ba a haɗa ta da intanet ba. Makullin ɗakin yana rataye a wuyanta.

Abin da ya fi ƙona mata rai, sun yi aiki fa. Binciken bara ya fito da kafofi dubu da ɗari huɗu da ɓarawo zai iya bi ya shigo kwamfutocinsu, su kuwa su uku ne rak a sashen. Ko sun daina cin abinci ba za su toshe su duka ba. Shi ya sa Manaja, bayan dogon jan ƙafa, ya yarda wani kamfani ya turo ƙwararre ranar ɗaya ga wata, ya taya su tantance wadda za a fara toshewa.

Sai ga mutumin ya iso mako biyu kafin ranar, fes da shi, katinsa a ƙirji har ya buɗe masa ƙofa. Injiniya ta yi mamakin yadda ofishin ma'aikata, masu wata guda kafin su buga hatimi ɗaya, suka yi wannan zafin nama. Kafin azahar kowa na kiransa Gwani.

Kuma ya ci sunan. Tambaya uku yake yi wa kowace kafa. Ana iya isa gare ta daga waje? Ɓarayi na amfani da irinta yanzu? In aka bi ta nan, me zai lalace? Daga nan sai ya shafa mata ja, ko rawaya, ko kore. Ja a toshe yau, kore ta jira wata shida. Cikin kwana goma suka toshe ja arba'in, har Manaja ya fara gaishe su a baranda.

Sau ɗaya kawai suka saɓa. Ita ta sa injin buga katin shiga, wanda ke ɗakin mai gadi, a lamba ta shida a jerin kafofin, don tsoho ne kuma yana kan intanet. Gwani ya yi dariya har da dafe tebur.

"Haba, Injiniya! In an fasa injin kati wa zai mutu? Mai gadi?"

Kowa ya fashe da dariya. Kunya ta rufe ta, da hannunta ta ja shi zuwa ƙarshen jeri, ta shafa masa kore.

Yanzu ga Gwani ya shigo da sauri, ya dubi allon, fuskarsa ta canza.

"Sun shigo. Wannan gwaji ne, iyakar suke nema. Dole a kashe babbar kwamfuta kafin su kai gare ta."

"Ai ba ta kan intanet."

"Jiya ma haka kika ɗauka game da wannan." Ya nuna kibiyar da ke ta yawonta. "Ke da Baba ku je ku rufe bututun tanki da hannu, mutum ɗaya ba ya iya juya shi. Ni ba ni makullin."

Dokar kamfani ta ce ba mai shiga ɗakin ciki shi kaɗai, kuma ita ce ma ta rubuta dokar. Ta dubi agogo. Ta tuna bakin autarta a kan famfo. Ta cire makullin daga wuya, ta faɗa masa kalmar sirri, har tana yi masa godiya.

Suka fita a guje, Baba na haki yana salati. Ƙarfen da ake murɗawa a rufe bututun ya yi tsatsa, suka kama shi su biyu, ya motsa da ƙyar. Juyi sittin yake buƙata. Suna na bakwai, tafin hannunta ya fara saɓulewa, sai ƙarar injin magani ta sauya a bayansu, ta yi sama, irin ƙarar da Baba bai taɓa ji ba a shekara ashirin da biyu. Injin ya wuce tara ke nan. Baba ya saki ƙarfen ya juya yana kallonta.

Wayarta ta yi ƙara. Mai gadi ne. Ta maƙale ta a kafaɗa, hannunta na kan ƙarfe.

"Ranki ya daɗe, a yi haƙuri. Wani bawan Allah ne a bakin ƙofa da takardar kamfani, wai shi ne ƙwararren da aka ce zai fara aiki yau. Na je buga masa kati, injin ya ƙi, wai an riga an buga nasa tun mako biyu da suka wuce, ni kuwa ban buga wa kowa ba."