Miƙe Iyaka

Haɗama ce ta kai wani attajirin Gardole wurin mai zana taswirar filaye.

"Malam, iyakata da maƙwabcina ta cika lanƙwasa, miƙe min ita," in ji shi. Kusurwar da maƙwabcin ke ɗaure akuya yake hari.

"Alhaji, layi ɗaya ne tsakaninku a na'ura. In na miƙe naka, nasa ma ya miƙe, ba a barin giɓi."

"Kai dai miƙe!"

Aka miƙe. Maƙwabci ya duba, ya sa hannu ba gardama.

Ranar kafa duwatsun iyaka, Alhaji ya samu turken akuya. Lanƙwasar bayan gida kuwa ta koma wa maƙwabci da duk abin da ke cikinta: rijiya ɗaya, mangwaro biyu, da banɗakin Alhaji.